Daga "ya kake" zuwa "ykk": wa ya ɓata rubutun Hausa a waya?

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi, ko na tsofaffin ɗalibai, ko na 'yan unguwa, ya san yadda gari yake wayewa a can. Wani zai turo "Slm", wani ya amsa "wslm ykk", a ce masa "lfy lau ygd". Can sai wata ta faɗo da "xan xo anjima kuyi hkr". Ba wanda zai tsaya tambayar me ake nufi, kowa ya gane. Sai dai kusan kowane zaure yana da mutum ɗaya, galibi malamin makaranta ko wanda ya karanci Hausa a jami'a ko kwalejin ilimi, da wannan abu yake ci wa tuwo a ƙwarya. Ranar da haƙurinsa ya ƙare sai ya zubo dogon rubutu cewa ana kashe harshe muna ji muna gani. A ce masa "ai dai ka gane", wani ya ƙara da "Malam, ba jarrabawa muke yi ba", a watse kowa yana ganin shi ne da gaskiya.

Jayayyar ba za ta mutu ba muddin ana ɗaukar duk abin da ake gani a waya a matsayin cuta guda. Wanda ya rubuta "lfy" ya san sarai yadda ake rubuta lafiya, da gangan ya datse ta. Wanda ya rubuta "kasa" yana nufin ƙasa, wataƙila wayarsa ce ba ta da harafin, ko bai san inda yake ɓoye ba. Wanda kuwa ya rubuta "yace zasu zo" yawanci bai ma san akwai kuskure a ciki ba, ko biro da takarda ka ba shi haka zai rubuta. Masu gyara sun fi ɗaga murya a kan na farkon don shi ya fi tsone ido, alhali shi ne mafi ƙarancin illa. A ganina na ƙarshen ne abin damuwa, kuma ba waya ce ta haife shi ba, tona asirinsa kawai ta yi.

Gajartawa tana da tarihi, kuma tarihin na kuɗi ne da na babban yatsa. Wayar salula ta kankama a Najeriya a watan Agustan 2001, lokacin da kira yake da ɗan karen tsada, don haka mutane suka raja'a a kan saƙon tes. Shafi ɗaya na tes haruffa 160 yake ɗauka, har da giɓin da ke tsakanin kalmomi. Ka wuce da harafi ɗaya an caje ka kuɗin shafi biyu. Ga kuma yadda madannan wayoyin lokacin suke: haruffa uku ko huɗu a kan lamba guda. Mai son rubuta "Assalamu" sai ya danna 7 sau huɗu kafin s ta fito, ya dakata wayar ta matsa gaba, ya sake danna ta sau huɗu. Wanda ya sha wannan wahala sau goma a wuni ba sai an koya masa "slm" ba. Haka z take, ita ce ta ƙarshe a lamba 9, sai an danna sau huɗu, alhali x da ke zaune tare da ita sau biyu kacal take buƙata, kuma Hausa ba ta da wani aiki da take yi da x. Mai yiwuwa ne ƙwarai ta wannan ƙofa "xan" da "xuwa" da "xama" suka shigo, kafin su zama ado.

Haruffa masu ƙugiya kuwa a wancan zamani ba a ma maganarsu. Tsarin haruffan da aka gina saƙon tes a kansa don harsunan Yammacin Turai aka yi shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ko da an samu wayar da za ta iya rubuta su, shigar ɗayansu cikin saƙo yakan sauya tsarin gaba ɗaya, shafin ya faɗo daga haruffa 160 zuwa 70. Wato ƙugiya ɗaya tana iya ninka wa mutum kuɗin saƙo, sannan ta isa wayar wancan a matsayin ɗan akwati ko alamar tambaya. Shi ya sa ba na ganin laifin waɗanda suka nemo dabara. Wasu suka koma saka ɗan waƙafi a gefe, "d'aya", "k'asa", "b'ata", wanda dama tsohuwar hanya ce tun zamanin tafireta. Wasu suka lura lamba 6 ta yi kama da ɓ, suka rubuta "6arawo". Wasu suka ɗauko q, "qasa", "qarya", "haquri", kuma wannan ba daga sama ya faɗo ba: a ajami da harafin ƙaf na Larabci ake rubuta wannan sauti, masu rubuta Larabci da haruffan boko kuma q suke ba shi. Ana yawan yi wa masu q dariya, amma in za a yi adalci sun fi mai rubuta k zalla kula da harshen, domin su sun ji bambancin da ke tsakanin karya da ƙarya, sun ƙi yarda ya ɓace.

Daga baya 2go ta zo, BBM ta zo, Facebook da WhatsApp suka mamaye ko'ina. Iyakar haruffa ta kau, madannai suka koma allon shafawa, yau kuma manhajar rubutu irin Gboard tana da Hausa da ƙugiyoyinta cif. Dalili ya tafi, ɗabi'a ta zauna. Hujjar cewa yanzu ba tattali ake yi ba ita ce yadda ake tsawaita wasu kalmomin: "nah", "kah", "inah", "dah", "toh", sunaye kuma su koma "Ameenah" da "Khadeejah". Mai neman sauƙi ba ya ƙara harafi. Wannan sara ce, irin wadda kowane rukunin matasa yake yi don a gane nasa, kuma Hausawa ba baƙinta ba ne. Tun kafin waya 'yan mata suna zaurance don kada na gefe ya tsinci zancen. Sara takan yi zamaninta ta wuce. Da yawa daga waɗanda suka yi tashen x a zamanin 2go yanzu iyaye ne, kuma sun bar ta ba tare da kowa ya yi musu wa'azi ba.

Duk da haka akwai dalilin da ya sa Hausa ba ta jure datsa kamar yadda ake zato. Rubutun boko, ko da an bi ƙa'idarsa sau da ƙafa, ya riga ya zubar da abubuwa biyu da kunne yake dogara da su: ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar "fari" a takarda tana iya zama launi, ko ƙamfar ruwan sama, ko wanda budurwa take yi da ido, ko na ɗan fari. Mai karatu yana warware wannan ne da taimakon sauran jimlar, wato da baƙaƙen da aka rubuta daidai da kuma giɓin da aka bari inda ya dace. In aka cire ƙugiya, aka manne kalmomi, aka kwashe wasula, an janye masa abin da ya rage yake dafawa. Dubi "yaki zuwa yaki". Sai ka karanta sau biyu kafin ka gane ya ƙi zuwa yaƙi ake nufi. "Taki" na iya zama na gona, ko abin da mace ta mallaka, ko kuwa wata ce ta ƙi. Har ajami, da ya gaji haruffan Larabci inda aka saba barin wasula, da ya zo hannun Hausawa da wasalinsa ake rubuta shi, don malaman da suka rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu sun san baƙaƙe kaɗai ba sa ɗaukar Hausa.

Masu cewa "ai dai ka gane" suna da gaskiya a tsakanin mutum biyu da suka san abin da suke tattaunawa. Gaskiyar tasu tana ƙarewa ne inda saƙo ya bar hannun wanda aka rubuta dominsa. Rubutun waya yawo yake yi: sanarwar jana'iza, cigiyar yaro, bayanin yadda za a sha magani, saƙon ciniki, duk ana tura su daga zaure zuwa zaure har su isa ga wanda bai san mafarin zancen ba. Ɗan kasuwa ya aika wa yaronsa "bashi kayan", yaron yana da damar ya fahimci a miƙa wa mutumin kayan, yana kuma da damar ya fahimci kayan na bashi ne. Giɓi ɗaya ne tsakanin ba shi da bashi, amma a Kantin Kwari wannan giɓin kuɗi ne.

Wannan ya kawo mu ga raba kalma da haɗe ta, inda yawancinmu muke tuntuɓe, har da masu digiri. Ƙa'idojin ba jiya aka yi su ba. Tun 1843 J. F. Schön ya fara buga Hausa da haruffan Turawa. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da dokokin rubutun Hausa a 1912. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934. A waɗannan shekarun na 1930 ne, a Zariya, ƙarƙashin Rupert East da Hukumar Talifi, haruffa masu ƙugiya suka maye gurbin ɗigo da waƙafin da ake amfani da su a da, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, da ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ta kai wannan rubutu lungu da saƙo. Aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka yi ta zama a Kano da Zariya a shekarun 1970, aka yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. An yi aiki, ba a yi wasa ba. Abin da ba a yi ba shi ne kai sakamakon ga yawancin masu harshen.

Manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a ajujuwan farko na firamare, amma kowa ya san yadda abin yake a aji. Makarantun kuɗi da yawa tara suke ci idan yaro ya yi Hausa, iyaye kuma suna jin daɗin hakan don Turanci suka biya. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce za a koyar da harshen uwa har shekara shida na firamare, a Nuwamban 2025 aka soke. Sakamakon shi ne miliyoyin mutane da suka koyi haɗa baƙi da wasali ta hanyar Turanci, ba su taɓa zama an koya musu rubutun harshensu ba, sai ga waya ta sa su rubuta shi kullum. Kafin zuwanta, Bahaushen da ba ɗan jarida ba, ba marubuci ba, ba malami ba, sau nawa yake rubuta Hausa a shekara? Wasiƙa ce jefi-jefi, ita ma wani lokaci ɗan makaranta ake kira ya rubuta. Ba a taɓa rubuta Hausa da yawa kamar yau ba, shi ya sa ba a taɓa ganin kurakuranta da yawa kamar yau ba.

Mai rubuta "yace" kunnensa yake bi, kuma kunnen bai yi ƙarya ba, a baki tare suke fita. Ƙa'ida ce ta ce wakilin suna kalma ce mai zaman kanta, a raba shi da aikatau: ya ce, ta zo, mun tafi, a kawo. Haka in ya biyo bayan aikatau: ya ba ni, ta kira shi. Amma in mallaka ce gajera sai a haɗe: gidansa, motarta, littafinmu. Akwai hikima a ciki, kuma wanda ya kama waɗannan biyun ya raba kansa da fiye da rabin kurakuran da ake gani. Sai dai masu gyara su ma su yarda cewa ba ko'ina ƙa'idar take miƙe ba. Ana haɗe zan da zai, ana raba za ta da za su. Ana haɗe ban da bai, ana raba ba ta da ba mu. Yana, yake, yakan duk a haɗe suke, alhali wanda ya buɗe tsofaffin littattafan Zariya zai tarar da "ya ke" da "su ke" a rabe. Akan da a kan sauti kusan ɗaya ne, aiki daban: akan yi ruwa a watan Agusta, amma kwano yana a kan tebur. Kowane ɗaya yana da dalilinsa a nahawu, amma dalilin ba a jikin kalmar yake rubuce ba, sai an koya wa mutum. Wanda ba a koya wa ba, ba sakaci ya yi ba.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, mutanen nan da ake cewa ba su damu da giɓi ba, sun damu da shi matuƙa in an zo Larabci. An daɗe ana yawo da wani saƙo da ke gargaɗin kada a rubuta "insha Allah" a haɗe, sai dai "in sha Allah", wai haɗewar tana sauya ma'ana. Mutane da yawa sun karɓa hannu bibbiyu, har suna gyara wa juna. To wanda ya iya kiyaye wannan giɓi don tsoron kada ma'ana ta karkace, zai iya kiyaye na "Allah ya ji ƙansa", wanda kullum ake rubutawa "Allah ya jikansa" kamar ana tambayar lafiyar jikan mamacin. Haka abin yake da Turanci. Ɗan Arewa ya yi tuntuɓen harafi ɗaya a Turanci a Facebook ko X, kafin ya ankara an ɗauki hoton rubutun ana yi masa ba'a, kuma 'yan'uwansa ne kan gaba. Ya yi goma a Hausa ba mai ɗaga kai, "ai Hausa ce". Ba iyawa ce ta yi ƙaranci ba. An sa wa rai ne cewa akwai harsunan da ake jin kunyar yin kuskure a cikinsu, Hausa kuma ba ta ciki.

Akwai kuma wurin da mai gyaran ne yake kan kuskure. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka fi gina ta, an yi haka ne don littafi da jarida da aji su samu matsaya guda, ba don sauran kare-karen gurɓatattu ba ne. Basakkwacen da ya rubuta "shina gidanai" ko "wanga yaro" a hirarsa bai yi kuskure ba, Hausar gidansu ya rubuta, kuma waya ce ta fara ba irin wannan Hausa damar fitowa a rubuce da yawa haka. Mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya rubuta "mouna lahiya" ko "tchikin gari" abu biyu ya haɗa: "lahiya" karin harshensa ne, "ou" da "tch" kuwa gadon makarantar Faransanci ne, irin wanda ya mayar da Dogon Dutsi ya koma Dogondoutchi a taswira. Kafin ɗan Najeriya ya yi masa dariya, ya dubi nasa "chikin" da "Mallam", ya tuna cewa allunan kan hanya da ke cewa Bauchi da Bichi su suka koya masa ch. Bahaushen zangon Kumasi ko Nima a Ghana da ya ce "ya zo" alhali mace yake nufi, haka Hausar can take tafiya. Zauren da ya tara waɗannan mutane duka, in aka ce sai Kananci za a rubuta, rabinsu shiru za su yi.

To ina ladabi ya shigo? A nan ne nake rabuwa da masu cewa kowa ya rubuta yadda ya ga dama. Matsalar "ykk" ba ta nahawu ba ce, ta wanda aka aika wa ce. Bahaushe ya san gaisuwa aiki ce da ake ɓata wa lokaci, kuma tsawonta yana nuna girman wanda ake gaisarwa. Yaron da zai durƙusa ya ce "Baba, barka da asuba, an tashi lafiya, ya ƙarfin jiki?" shi ne zai aika wa wannan dattijon "slm ykk", kuma bai ga abin da ya yi ba. Dattijon ya gani. Ba ruwansa da tarihin madannan Nokia. Abin da ya karanta shi ne, yaron nan bai ga ya cancanci a ɓata masa daƙiƙa goma ba. Tsakanin abokai "ykk" daidai take da ɗaga hannu daga kan babur, ba wanda zai ji haushi. Amma ba a gaida suruki daga kan babur. Haka ɗalibin da zai nemi alfarma wurin malaminsa, ko mai neman aiki da zai tuntuɓi wanda bai taɓa gani ba. Akwai ma wata ɗabi'ar da ta fi gajartawar ban haushi, a turo "Slm" a yi shiru, sai ka amsa a turo "ykk", sai ka amsa a turo "ya aiki", buƙatar ba za ta fito ba sai bayan awa biyu. A zaure na gaske wannan jerin gaisuwa minti ɗaya yake ci. A waya, kyautatawa ita ce a haɗa sallama da gaisuwa da buƙata a saƙo guda.

Lamarin ya fi nauyi in ya taɓa addini da mutuwa. Sallama addu'a ce, kuma aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta ce in an gaishe ku ku mayar da wadda ta fi ta kyau ko irinta. Shi ya sa malamai da dama suke ƙyamar "slm" da "wslm". Muhawarar ba sabuwa ba ce. Tun ƙarni na 13 Ibnus Salah, a littafinsa na ilimin hadisi, ya hana masu kwafar littattafai taƙaita salatin Annabi zuwa 'yan haruffa, kuma su da tawada da alƙalamin kara suke fama. Wasu malaman suna sassautawa, suna cewa mai karatu ai cikakkiyar yake furtawa, kamar yadda aka saba da SAW da SWT a littattafan Hausa shekara da shekaru. Ba ni da hurumin raba wannan gardama. Amma ko an ajiye hukunci a gefe, akwai abin da zuciya ba ta karɓa: mutum ya sanar da rasuwar mahaifiyarsa, a jera masa "RIJF", wato gajartar "Rest in Jannatul Firdaus", da sitikar kuka. Wanda zai iya tashi ya je zaman makoki ya zauna a tabarma, ya iya rubuta "Allah ya gafarta mata, ya ba ku haƙurin rashi".

Gyara shi ma yana da nasa ladabin, kuma masu yin sa sun fi kowa karya shi. A ƙarƙashin wannan sanarwar rasuwar za ka iske wani ya rubuta "rasuwa ake cewa, ba rasuwah ba". A gardamar siyasa kuma gyaran rubutu ya zama makamin wanda hujja ta ƙare wa: "je ka koyi rubutu tukuna". Irin wannan ba kishin harshe ba ne, neman a san an yi karatu ne, kuma illarsa ita ce wanda aka kunyata ko dai ya daina rubutu a fili, ko ya koma Turancin da bai fi ƙwarewa a kai ba, ko ya ƙara taurin kai. Matan da suka yi karatun yaƙi da jahilci, da 'yan kasuwar da allo kaɗai suka yi suka koyi boko a kan waya, su ne suka fi saurin janyewa, alhali shigowarsu cikin masu rubutu riba ce babba. In gyaran don Allah ne, akwai akwatin saƙo na mutum shi kaɗai. In kuma zauren ne gaba ɗaya yake buƙata, admin yana iya ɗauko ƙa'ida guda ya yi bayaninta ba tare da ya ɗora ta a kan rubutun wani ba.

Waɗanda ya kamata a gyara wa a bainar jama'a, ba tare da jin nauyi ba, su ne waɗanda rubutu sana'arsu ce ko kuma da kuɗin jama'a suke yin sa: gidajen jarida da rediyo da talabijin a shafukansu, hukumomin gwamnati a sanarwarsu, kamfanonin da ke talla da Hausa, 'yan siyasa a fastocinsu, masu rubuta sunan fim. Daga wurinsu mutane suke ɗaukar abin da suke zato shi ne daidai. Shekaru da yawa manyan kafafen labarai na Hausa suna wallafa "kasa" da "dan" a intanet babu ƙugiya, kuma da wasunsu suka dawo da ita an ga yadda masu karatu suka fara kwaikwayo. Marubutan labaran da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad su ma suna wannan sahu, ko sun so ko sun ƙi. Akwai yarinyar da ba ta taɓa riƙe bugaggen littafin Hausa ba amma ta karance labari hamsin a waya, duk abin da ta sani na rubutun Hausa daga nan ta samo shi. Marubuciyar da ke karɓar kuɗi kafin ta saka mutum a zauren labarinta ta wuce matsayin cewa "ai dai kun gane". Ga kuma na'urori: Google ya saka Hausa a manhajar fassararsa tun 2013, kuma irin waɗannan manhajoji daga abin da muka zuba a intanet suke koyo. Mai neman "ƙasa" ba lallai ya samu abin da aka ajiye da "qasa" ko "k'asa" ba.

Wasu sun kauce wa rigimar baki ɗaya ta hanyar saƙon murya, wanda ya dace da mutanen da dama bakinsu ya fi alƙalaminsu kaifi. A can karin sauti da tsawon wasali duk sun dawo, ba ƙugiyar da ta ɓace. Sai dai shi ma ya zo da nasa rashin ta-ido, kamar a aiko wa mutum minti bakwai yana tsakiyar taro, lambar asusun da yake jira kuma tana can a minti na shida.

Wayar da ake zargi da ɓata ƙa'ida yanzu ta fara yanke hukunci a inda masana suka bar magana a buɗe. A Najeriya 'ya'ya da 'yan kasuwa ake koyarwa, da ɗan waƙafi a gaban y. Nijar kuwa ƴ mai ƙugiya take amfani da ita, ta kuma tabbatar da ita a dokar rubutunta ta 1999. Da allon rubutun waya ya zo da ƴ a jere da ɓ da ɗ da ƙ, sai 'yan Najeriya suka ga ta fi sauƙi, ba ta kuma rikiɗewa ta juya baya kamar yadda waƙafin yake yi in manhaja ta ga dama. Yau "ƴan bindiga" da "ƴan majalisa" suna fitowa har a kanun labaran manyan kafafe a Abuja da Kano, ba tare da wani taro ya zauna ya amince ba. Malamin da ke duba takardar jarrabawa a Katsina yana iya ja mata jan biro, takwaransa na Tawa a Nijar kuma ya ja wa ɗayar. In wannan gardama ta tashi a zaure, kowane ɓangare yana da littafin da zai ɗauko ya kafa hujja da shi.